Asibitin karkara: wa zai biya kuɗin zaman jiran mara lafiya?

Mai Lissafi:
Assalamu alaikum jama'a. Duk lokacin da aka tayar da zancen asibitocin karkara da ke durƙushewa, amsar da na fi ji ita ce rashin iya gudanarwa, ko kuma wani ne ya cinye kuɗin. Ban ce babu wannan ba. Amma na daɗe ina riƙe da littafin kuɗi na ƙaramin asibiti, kuma abin da na gani shi ne, ko an ɗauko wanda ya fi kowa amana an ɗora shi a kai, asibitin zai ci gaba da faɗuwa muddin ba a sauya yadda ake biyansa ba.

Yawancin abin da asibiti ke kashewa ba ruwansa da yawan marasa lafiya. Nas ɗin da ke aikin dare albashinta ɗaya ne, ko mutum ashirin suka zo ko ba wanda ya leƙo. Firij ɗin allurar rigakafi dole ya kwana a kunne. Tukunyar oksijin dole ta zauna a cike. Jinin da aka ajiye don ƙari, in ya wuce kamar mako biyar zuwa shida ba a sa wa kowa ba, zubar da shi za a yi, a nemo wani. Maganin dafin maciji yana iya zama a kan kanta har wa'adinsa ya ƙare, kuma ba ka isa ka ce ba za ka sake saya ba. Kuɗin shiga kuwa kan mutum ake ƙirga shi: an duba wane, an yi wa wance tiyata, a biya kaza. A birni jama'a suna da yawa, sai nauyin ya rarrabu a kansu. A karkara mutane kaɗan ne, a warwatse suke, kuma sun fi rashin abin hannu.

Ba wanda ke biyan 'yan kwana-kwana bisa yawan gobarar da suka kashe. Ana biyansu ne don su zauna cikin shiri. Ni a ganina haka ya kamata gwamnati ta ɗauki asibitin karkara. Ina son jin ra'ayinku, musamman masu aikin.

Mai Bin Diddigi:
Wa alaikumus salam. Malam, bayaninka ya fito sarai, amma ban gamsu ba. Abin da kake nema shi ne a riƙa tura wa wuri kuɗi ko ya yi aiki ko bai yi ba. Mun sha ganin gini mai gadaje talatin, mutum uku ne a kwance, ma'aikata rabinsu sai ƙarshen wata ake ganinsu. Wannan za a ƙara wa kuɗi? Sannan akwai maganar inganci. Likitan da ke yin tiyata jefi-jefi hannunsa ba zai kai na wanda ke yi kullum ba. Me zai hana a haɗe ƙananan wuri guda, a yi babba ɗaya mai kayan aiki, sauran kuɗin a gyara hanya a sayi motocin ɗaukar marasa lafiya?

Inna Ungozoma:
Ɗana, bari in ba ka amsa daga ɗakin haihuwa. Mace ta haihu lafiya, jariri yana kuka, kowa yana hamdala. Sai ka ɗora hannu a cikinta ka ji mahaifa ta saki, ba ta dunƙule ba, zanin da ke ƙarƙashinta ya jiƙe, ka canza wani shi ma ya jiƙe. Irin wannan zubar jini yana iya kashe mace cikin awa biyu in ba a tare shi ba. Abin da ke cetonta a wannan lokaci shi ne allurar oksitosin, mai sa mahaifa ta dunƙule, da ta kwana a firij mai sanyi, da ruwan da za a ɗaura mata, da jini in ta kama, da wanda ya san abin da zai yi da hannunsa. In waɗannan suna wani gari mai nisa, kafin a nemo mota, a nemo mai, a tsallake rafi da damina, magana ta ƙare. Hanya mai kyau alheri ce, ina sonta. Amma ba ta maye gurbin ɗakin haihuwa na kusa.

Likitan Karkara:
Inna, Allah ya saka da alheri. Malam Mai Bin Diddigi yana da gaskiya a wuri ɗaya: akwai aikin da bai kamata ƙaramin asibiti ya taɓa ba. Tiyatar ciwon daji, tiyatar zuciya, duk abin da za a iya sa wa rana a shirya masa, gara a tafi inda ake yinsa kullum. Amma akwai wanda ba ya jira. A 2015 wani kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa kan tiyata a duniya ya ware ayyuka uku da ya ce ya kamata mutum ya iya samu cikin tafiyar awa biyu: fiɗa don ciro jariri, buɗe ciki na gaggawa, da gyaran karayar da ƙashi ya fasa fata. Kwamitin ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 ba sa iya samun tiyata mai aminci da za su iya biya a lokacin da suke bukata.

Kuma don kada a ɗauka matsalar ta ƙasashe matalauta ce kawai, ku dubi Amurka, wadda ba ƙasar da ta kai ta kashe kuɗi a kan lafiya. Daga 2010 zuwa yau asibitocin karkara fiye da 100 sun rufe ko sun daina kwantar da marasa lafiya, kuma jihohi irin su Texas da Tennessee suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Can ba maganar rashin wuta ko rashin hanya ba ce. Lissafin da Malam Mai Lissafi ya kawo ne. Tun 1986 doka ta wajabta wa asibiti ya duba duk wanda ya zo sashen gaggawa ya kuma daidaita shi, ko yana da kuɗi ko ba shi da shi. Doka ce mai kyau, amma a yankin da mutane da yawa ba su da inshora, asibitin ne ke haɗiye asarar. Shi ya sa rufewar ta fi yawa a jihohin da suka ƙi faɗaɗa Medicaid, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, bayan dokar inshorar lafiya ta 2010.

Sun gane matsalar tun tuni. A 1997 suka fito da wani rukuni na musamman na ƙananan asibitoci, wanda a yanzu sharuɗɗansa su ne: gadaje kada su wuce 25, ya kasance akwai nisan fiye da mil 35 tsakaninsa da wani asibiti, ko mil 15 in yankin duwatsu ne, kuma sashen gaggawa ya kasance a buɗe dare da rana. Irin waɗannan, Medicare, inshorar tsofaffi, tana biyansu kashi 101 cikin 100 na abin da suka kashe a kan majinyatanta, maimakon tsayayyen farashi. Akwai su sama da 1,300. Tsarin ya ceci da yawa, amma bai rufe ramin ba, don majinyatan Medicare kaɗai ya shafa.

Mai Bin Diddigi:
To Likita, ai ka ƙarfafa maganata. In Amurka da duk arzikinta ta kasa riƙe su, wace ƙasa ce za ta iya?

Likitan Karkara:
Ba kasawa ba ce, zaɓi ne. Ostareliya ma tana da ƙauyuka masu nisan gaske. A yarjejeniyar da gwamnatin tarayya da jihohi suka yi a 2011, manyan asibitoci ana biyansu bisa yawan aikin da suka yi, ƙanana na karkara kuma ana ba su kuɗi a dunƙule, don an yarda cewa ƙirga kai ba zai riƙe su ba. Jamus ta shafe kusan shekara ashirin tana biyan asibitoci bisa kowane majinyaci da nau'in ciwonsa, sai a ƙarshen 2024 majalisa ta amince da gyaran da zai sa a riƙa biyan babban kaso saboda zama cikin shiri. A Amurkar ma jihar Maryland ta koma ba asibitocinta kasafin shekara a dunƙule tun 2014, Pennsylvania ta gwada hakan da wasu asibitocin karkararta daga 2019.

Ɗalibar Jinya:
Ina gaishe da iyayena da malamaina. Ni tambaya gare ni. A makaranta ana yawan ce mana inshorar lafiya ce mafita. In kowa a ƙauye yana da kati, ba shi ke nan asibiti ya samu kuɗinsa ba?

Mai Lissafi:
Ƙanwata, inshora tana cire wa mara lafiya tsoron zuwa, kuma wannan babban abu ne. Amma ga asibiti, tambayar ita ce yaushe kuɗin zai iso. Ka yi aiki a watan farko, ka cike takardun neman biya, ka aika, a dawo maka da wasu an ce lamba ba ta yi daidai ba, ka gyara ka sake aikawa, ka zauna jira. Babban asibiti yana da ofis guda da ba ya komai sai bin wannan. Ƙarami kuwa mutum ɗaya ne, shi ne akanta, shi ne mai sito.

Bari in gaya miki yadda abin ke tafiya a hankali. Dillalin magani ya ba ka bashi sau ɗaya, sau biyu, na uku ya ce sai ka rage na baya. Kantar magani ta soma yin fili. Likita ya rubuta takarda ya ce a je waje a saya. Mutumin da aka ce masa kyauta ne, ko ya riga ya biya kuɗin kati, ya ga an tura shi kemis, sai ya ce yaudara ce. Gobe in ɗansa ya yi zazzaɓi ba zai zo ba. Yawan masu zuwa ya ragu, kuɗin da ake ƙirgawa a kansu ya ƙara raguwa. Ba ranar da za ki nuna ki ce yau asibitin ya mutu.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Ghana ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa da dokar 2003, kuma an yaba mata, amma jinkirin biya na watanni ya sa asibitocin mishan, waɗanda da yawansu a karkara suke, sun sha yin barazanar daina karɓar katin. Nijar ta ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 a 2006, yara kuwa suka yi ta zuwa, amma kuɗin da gwamnati za ta mayar wa cibiyoyin lafiya ya riƙa makara har bashi ya taru. Niyya mai kyau ce a duka biyun. Wanda ya ɗauki nauyin jinkirin shi ne wurin da ba shi da ajiya.

Baba Mai Ritaya:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Na yi aikin kasafin kuɗi har na ajiye, don haka bari in yi magana daga wancan gefen teburin.

Abu uku ne daban: abin da aka rubuta a kasafi, abin da aka saki, da abin da ya isa hannun asibiti. Jama'a na farkon kawai suke ji a rediyo. A Afrilun 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja sun yi alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kuma ƙasashe ƙalilan ne suka taɓa kaiwa. Ko a cikin ɗan abin da aka ware, manyan asibitocin birni ne ke fara ɗiba, don su ne kusa da masu sa hannu. Sannan akwai son gini. Sabon gini ana yanka masa kirtani, a ɗauki hoto. Dizal, da gyaran famfo, da batirin sola, da albashin mai shara ba wanda ke kiran 'yan jarida a kansu, alhali su ne ke riƙe da asibiti. Wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da wasu suka fitar a farkon 2023 ya ce kusan mutum biliyan 1 ne ke dogaro da cibiyoyin lafiya da ba su da wuta ko kaɗan, ko wutar ba tabbas.

Amma in yi adalci. Ba kowane lokaci ba ne mugunta. Hukumar kasuwanci da raya ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2023 mutum biliyan 3.3 suna zaune a ƙasashen da kuɗin ruwan bashi ya fi abin da ake kashewa a lafiya ko a ilimi. Na zauna a ɗakin da ake yanke wa ma'aikatu kasonsu a tsakiyar shekara don haraji bai shigo yadda aka zata ba. Albashi ba a taɓa shi, bashi ba a taɓa shi, sai a faɗa wa kuɗin gudanarwa. Na ƙauye kuma shi ne ba mai zuwa ya buga tebur a kansa.

Inna Ungozoma:
Baba, wannan na ƙarshe shi ne ciwon. Ranar da babban asibitin birni ya rasa wuta, kafin azahar labari ya zaga ko'ina. Na ƙauye zai yi wata yana karɓar haihuwa da fitilar waya ba wanda ya ji.

Direban Asibiti:
Ranku ya daɗe, ni ba mai dogon ilimi ba ne, amma tun da an ambaci mota bari in ce wani abu. Motar ɗaukar mara lafiya ita ma zaman jira take yi. Dole tanki da mai, taya da iska, direba a farke, da ma'aikacin jinya da zai zauna a baya. In na ɗauki mutum zuwa asibiti mai nisa, zuwa da dawowa rabin yini ne, kuma duk wannan lokacin yankin ba mota. Wanda ya faɗi a bayana sai dai a ɗora shi a babur. Don haka in an rufe asibiti an ce mota za ta wadatar, ba mota ɗaya ake nufi ba, kuma kuɗin bai ɓace ba, wuri kawai ya canza.

Mai Bin Diddigi:
Malam direba, wannan hujja ce, na karɓa. Amma har yanzu ba a amsa mini babbar damuwata ba. In an ba wuri kuɗi a dunƙule, me zai hana ma'aikata su miƙe ƙafa? Biyan kan mutum aƙalla yana sa a tashi a yi aiki.

Mai Lissafi:
Tambaya ce da ta dace. Ba cewa nake a ba da kuɗi a juya baya ba. In shiri ake biya, shiri za a auna. Mai duba aiki ya zo da dare ba sanarwa: akwai ungozoma a bakin aiki? Firij yana tsakanin digiri 2 da 8? Akwai oksijin? Janareto ya tashi da aka murza? Magungunan da ke cikin jerin dole suna kan kanta? Wanda ya faɗi a rage masa, ko a canza shugaban wurin. Sannan a bar wani kaso a kan yawan aiki, don wanda ya fi ƙoƙari ya ga bambanci.

Kuma kuɗin ya tafi kai tsaye asusun asibitin, kada ya bi ta ofis biyar kowa ya tsakura. Tanzaniya ta soma tura kuɗi kai tsaye asusun cibiyoyin lafiyarta a shekarar kuɗi ta 2017/18. In an yi haka, a liƙa takarda a ƙofar asibiti: ga abin da ya shigo wannan wata, ga inda ya tafi. Kwamitin mutanen gari ya sa hannu. Sata tana son duhu, kuma ta fi yawa a hanya kafin kuɗin ya iso, ba a ɗakin magani ba.

Ɗalibar Jinya:
To ma'aikata fa? Mu a ajinmu kusan kowa addu'a yake kada a tura shi ƙauye.

Likitan Karkara:
Ban ga laifinku ba, kuma wannan ma kuɗi ne. Tailan ta daɗe tana wajabta wa sababbin likitocin da gwamnati ta koyar su yi shekara 3 suna aikin gwamnati, galibi a karkara. Amma ba ta tsaya a tilas ba. A shekarun 1980 ta karkatar da kuɗi daga manyan asibitocin birni zuwa gina asibitocin gunduma, ta ƙara alawus ga masu zama a wurare masu nisa, ta riƙa ɗibar 'ya'yan karkara tana koyar da su likitanci don su koma gida. Da ta fito da tsarin lafiya ga kowa a 2002, sai ta riƙa ba da kuɗi bisa yawan mutanen da aka yi wa rajista a yanki, ba bisa yawan waɗanda suka kwanta ciwo ba. Asibitocin da ma'aikatan suna nan kafin katin ya zo.

Inna Ungozoma:
'Yata, abin da ke korar ma'aikaci daga ƙauye ba nisa ba ne kawai. Gidan kwana mai ruwa da ƙofa mai kulle, makarantar da zai sa 'ya'yansa, da wanda zai karɓe shi ya huta. Ungozoma ɗaya tak a wuri ba ta da dare ba ta da rana, ko rasuwa aka yi mata sai ta yi tunanin wa za ta bar wa ɗakin. Sannan ga baƙin cikin ka san abin da ya kamata ka yi, ka buɗe kabad ka tarar ba komai. Wannan ya fi ƙarancin albashi karya zuciya.

Likita, na ji ana cewa a Amurka yanzu ana ba asibiti kuɗi in ya yarda ya daina kwantar da mutane. Gaskiya ne?

Likitan Karkara:
Gaskiya ne, Inna. Tun Janairun 2023 ƙaramin asibitin karkara yana iya ajiye gadajen kwanciya, ya riƙe sashen gaggawa da duba masu zuwa su koma, a riƙa ba shi tsayayyen kuɗi duk wata, wanda ya haura dala miliyan 3 a shekara. Ta wani gefen wannan shi ne abin da Malam Mai Lissafi ke nema, biyan shiri. Ta wani gefen kuma tsoho mai ciwon huhu da ke bukatar kwana uku a gado dole a kai shi nesa da iyalinsa. Ɗakin haihuwa kuwa tun kafin wannan shi ake fara rufewa a can, don yana bukatar ma'aikata dare da rana kuma abin da ake biya a kansa bai taka kara ya karya ba.

A Yulin 2025 sun sake yin wata doka da ta ware dala biliyan 50 don lafiyar karkara, a raba cikin shekara 5. Sai dai dokar nan ɗaya ta zaftare ɗaruruwan biliyoyin daloli daga Medicaid cikin shekara 10. Tallafin yana da ranar ƙarewa, ragin kuwa ba shi da ita, kuma Medicaid ce ke biyan kuɗin haihuwa da yawa a karkarar.

Mai Bin Diddigi:
Na yarda a biya shiri a kan gaggawa da haihuwa da mota. A kan gadaje kuwa ina nan a kan bakana: wurin da shekara da shekaru bai cika kashi ɗaya cikin huɗu na gadajensa ba, a rage su, a mai da kuɗin ga ungozoma ta biyu. Baba, wanda yake son ya san ko an saki abin da aka rubuta wa asibitin yankinsa, ta ina zai fara?

Baba Mai Ritaya:
Ɗana, fara da takardar kasafin da majalisa ta amince da ita, ka nemo layin asibitin ko na gundumar, ka raba kuɗin gini da na gudanarwa. Sannan ka nemi rahoton aiwatar da kasafi, wanda ma'aikatun kuɗi da yawa ke fitarwa duk wata uku, ka ga nawa aka saki. Daga nan ka je wurin shugaban asibitin tare da kwamitin gari, ba kai kaɗai ba, ku roƙi a nuna muku takardar banki. A ƙasar da ke da dokar 'yancin samun bayanai, ku rubuta buƙatar a takarda ku riƙe kwafi mai hatimi. Kuma ku yi wannan tun ana tsara kasafin shekara mai zuwa, lokacin da kwamitin lafiya na majalisa ke sauraron jama'a, don in an riga an sa hannu sai dai ku jira wata shekarar.